Minti Goma Kafin Ya Bushe

"Maimaita," in ji Kawu. "Ban ji ba, injin na ƙara."

Injin ba ya ƙara. Shi da hannunsa ya kashe shi.

"Na ce ranar Litinin zan faɗa a taro."

"Za ka faɗi me?"

"Abin da na gano."

"Abin da ka gano." Ya ɗora dutsen guga a kan ƙarfensa, ya share wuya da tsumma, ya waiga wajen Dogo. "Ka ji ko? Farfesa ya yi gano."

Dogo ya yi dariya ta hanci, bai ɗago daga rigar da yake gogewa ba.

A ɗakin wanki na otal muke, can ƙasa, inda ba taga. Mu uku ne a teburin guga: Kawu, wan mahaifiyata, da Dogo, da ni. A gefe akwai Uwar Tawul mai ninke kaya, da wasu biyu masu kula da injin. Kullum zannuwan gado ɗari da wani abu ke saukowa daga sama. A wanke, a busar, su fito a yamutse kamar an tauna, mu kuma mu wuni muna bin su da dutsen guga. Rabin aikinmu ke nan. Sauran rabin rigunan baƙi ne da kayan ma'aikata.

Abin da na gano ba wani abu ne mai tsawo ba. In ka tsayar da injin busarwa saura minti goma, zanin gadon na da ɗan sauran laima, mutum biyu suka kama kusurwa suka fizga sau biyu, suka ninke shi da zafinsa, suka jera wani a kan wani, to shi ke nan. Ba ya neman guga. Sati biyu ina gwadawa a ɓoye da rigunan filo, ina rubutawa a bayan littafina.

Na yi wa Kawu bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har na gama. Sai ya taka zuwa injin na biyu, wanda ke juyawa, ya kara bayan hannunsa a jikin gilashin, bai ko kalli agogo ba, ya danna. Ya zaro zani ɗaya, ya wurga wa Dogo gefe. Fat. Fat. Suka matso, suka haɗa kusurwa, suka sake haɗawa. Ya ajiye shi a gabana. Sumul. Ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba.

"Tun kana rarrafe," in ji shi.

Na juya zanin ina neman tattara.

"Duk wanda ya shekara a ɗakin nan ya sani. Uwar Tawul ta sani. Wanda ya koya mini ya rasu, shi ma koya masa aka yi. Ranar da otal ya cika maƙil, mukan tura ƙofa mu yi, mu buɗe. Kai ba ka taɓa gani ba saboda a irin ranar sama nake aikenka kai kaya."

"To me ya sa ake ɓoyewa?"

"Ƙirga mu."

"Uku."

"In zanin gado ya daina neman guga, mutum nawa teburin nan zai ci?"

Na san amsar.

"Biyu," in ji Dogo, har yanzu kansa a ƙasa.

"Biyu. To wa zai hau sama ya karɓo takardar sallama? Kai mai jini a jika? Dogo mai ƙirji kamar ƙofa? Ko ni da kafaɗata ke ƙara kamar tsohuwar kujera?"

"Ba wanda zai tafi. Manaja ya faɗa da bakinsa. Shugaba na ƙwarai ba ya zubar da mutanensa, wani aikin yake ba su wanda ya fi."

"Wa ya ce?"

"Yana cikin littafin da nake karantawa."

"Mai littafin ya taɓa riƙe dutsen guga?"

"Ba sai ya riƙe ba."

"Ɗan nan," in ji Uwar Tawul daga inda take, "kawunka ne fa."

"Ƙyale shi," in ji Kawu. Ya kunna injin. A nan maganar ta tsaya.

Sakandare na gama, da sakamako mai ɗan dama. Shekara uku ina zaune a gida ina kallon bango. Kawu ne ya zo ya ɗauko ni, ya ba ni ɗakin bakin ƙofa a gidansa, ya yi ta sintiri ofishin ma'aikata har aka gaji da ganinsa aka ɗauke ni. Matarsa, Inna, ba ta taɓa zuba wa 'ya'yanta abinci ta bar ni ba. Wannan duk na sani. Ban manta ba ko a lokacin.

Littattafan kuwa a tashar mota na fara saye, wurin wani mai shimfiɗa su a kan leda yana danne su da duwatsu. Tsofaffi ne, an karanta an yar. Yadda za ka zama shugaba. Yadda za ka san halin mutane. Yadda za ka yi tunanin da ba kowa ke yi ba. Na farkon da na saya, mai shi ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kusan kowace jimla, har shafi na arba'in da ɗaya, daga nan fes. Na daɗe ina tunanin mutumin. Ko ya samu abin da yake nema a wannan shafin ne, ko gajiya ya yi.

Ni ban gaji ba. Lokacin hutun rana nake zama a kan buhun sabulu in karanta, da ƙamus a cinya. A duniya ba wanda ya taɓa kallona ya ce za ka iya zama wani abu, sai littattafan nan. Su kullum suke faɗa. Kai, kai, kai, haka suke magana, kamar sun san ni. Wani littafi mai shuɗin bango ya ce ka dubi kowane aiki da kake yi, ka tambayi kanka, in an daina yin sa me zai faru. Shi ya kai ni ga zanin gado.

Sai aka kawo sabon manaja. Matashi ne, bai fi ni da shekara goma ba, takalminsa ba ya ƙara. Ranar da ya fara saukowa ɗakin wanki, littafin nan mai shuɗin bango ne a hammatarsa. Sabo, amma shi ne. Na ji kamar na ga ɗan garinmu a baƙon wuri. Ya kafa taron ma'aikata duk Litinin. Ya manna takardu a bango masu hoton dutse da mutum a samansa. Ya ce ƙofarsa a buɗe take. Ya ce kujerar shugaban ɗakin wanki, wadda ba kowa a kai tun da tsohon ya yi ritaya, ba mai yawan shekaru zai ba, mai tunani zai ba.

Kujerar nake so. Ba zan yi ƙarya ba. Na kuma gaya wa kaina in na hau, ni zan kare Kawu, in cire shi daga tsayuwa in ba shi aikin zaune.

Asabar da Lahadi Kawu bai tada maganar ba. Ya gyara famfon tsakar gida. Ya aske wa ƙaramin ɗansa kai. Lahadi da yamma na fito na tarar da farar rigata a rataye a ƙofar ɗakina, an goge ta, wuyan a miƙe kamar kwali. Yana zaune a kan benci yana yanke farce.

"Kawu, da ka bari na yi."

"In za ka tsaya gaban mutane, kada ka tsaya a yamutse."

Na ɗauka ya sauko ne. Yanzu ban san me na ɗauka ba.

A ɗakin cin abincin ma'aikata ake taron. Masu shara, masu girki, masu gadi, mu na wanki a layin baya inda muka saba. Manaja ya yi magana a kan canji, ya zana da'ira uku a allo, ya haɗa su da kibiya. Sannan ya tambaya ko akwai mai shawara. Aka yi tsit kamar kullum. Wani mai gadi ya yi tari.

Na miƙe. Dogo ya taka mini ƙafa, na janye.

Na faɗa. Na kawo adadin zannuwa, na kawo awannin da ake ɓatawa, da wutar da dutsen guga ke ci. Ban ce kowa ya sani ba. Na ce ni na gano. A ƙarshe na ƙara abin da na kwana biyu ina shiryawa.

"Amma ranka ya daɗe, da sharaɗi. Kada a taɓa aikin kowa."

Ya yi murmushi, ya buɗe hannuwa. "Mu nan iyali ɗaya ne. Ko ba haka ba?"

Wasu suka ce haka ne.

Ya ce a sauka a gani da ido. Muka sauka, mutum kusan ashirin a ɗakin da ba ya ɗaukar goma. Na tsayar da injin, na zaro zani. Ina bukatar mai kama ɗaya gefen.

"Dogo," in ji Manaja.

"Bayana ya riƙe tun safe, ranka ya daɗe."

"To baba, zo ka taimaka wa ɗanka."

Kawu ya tako. Ya karɓi kusurwa biyu. Bai kalle ni ba, zanin yake kallo. A raina na ce zai ɓata, zai saki gefe ɗaya, zai ja a karkace ya fito da tattara, kowa ya yi dariya a watse. Wallahi a wannan lokacin da ya yi hakan da na gode masa.

Fat. Fat.

Hannunsa bai iya aikin banza ba. Shekara ashirin da biyu. Ya haɗa kusurwa da tawa daidai, ya shafa bakin da babban yatsa, ya ajiye. Manaja ya ɗaga zanin zuwa fitila, ya juya shi, ya kira shugabar masu gyaran ɗakuna ta taɓa. Ta ce ba ta ga bambanci ba. Aka tafa. Kawu ma ya tafa, sau biyu ko uku, ya koma teburinsa.

Aka ɗauki hotona aka manna kusa da agogon shiga aiki. Aka ba ni kyauta a naɗe da takarda mai ƙyalli. Da na buɗe a gida, littafin ne mai shuɗin bango. Yanzu ina da biyu.

Daga ranar ba wanda ya sake ce mini Farfesa. Ban san ina son sunan ba sai da aka daina. Uwar Tawul takan ajiye mini shayi a bayan injin don kada ya huce, ta daina. Ba ta yi mini faɗa ba. In na gaishe ta takan amsa cikakkiyar amsa, irin wadda ake yi wa baƙo. Dogo kuwa sai aiki ya haɗa mu.

"Kama," zai ce. In kama.

Sabon tsarin ya zauna cikin sati ɗaya. Abin da ban lissafa ba shi ne kafaɗa. Fizgar zani sau goma ranar da aiki ya yi yawa daban, fizgar ɗari da wani abu kowace rana daban. Kwana huɗu Kawu ya yi yana yi. Rana ta biyar na ga ya kasa ɗaga hannun dama ya kai wa maɓallin rigarsa. Aka mayar da shi kan rigunan baƙi shi kaɗai. Kafin sha ɗaya na safe ya gama. Sai ya zauna. Ya tashi ya goge teburin da ba datti. Ya sake zama. Manaja ya sauko sau biyu ya same shi a zaune, ya gaishe shi da fara'a, ya rubuta wani abu a waya.

Sati na uku aka kira shi sama. Bai daɗe ba. Ya dawo da farar ambulan, ya saka a aljihun gaba, ya ƙarasa rigar da ya bari a rabi. Ya naɗe wayar dutsen guga yadda yake yi kullum, zagaye bakwai. Ya ɗauki kofinsa da silifas ɗinsa na aiki.

"Dogo, dutsen nan yana ɗiga ta hagu. Ka riƙa karkata shi."

"To, Baba."

Uwar Tawul ta juya wa ɗakin baya tana ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke.

Na bi shi zuwa matakala. "Kawu."

"Koma bakin aikinka. Injin na biyu ya kusa."

Washegari aka gabatar mana da sabon shugaban ɗakin wanki. Daga sama aka sauko da shi, mai digiri ne, bai san inda ake zuba sabulu ba. Ya ce ya ji labarina, ya miƙo mini hannu.

Na hau wurin Manaja lokacin hutu. Ƙofar a buɗe take, gaskiya ya faɗa. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa mai sanyi.

"Ranka ya daɗe, ka ce ba za a taɓa kowa ba."

"Na ce mu iyali ne. Har gobe haka ne. An ba shi duk haƙƙinsa, har da takardar yabo."

"A mayar da shi. Ni in tafi."

Ya kalle ni kamar na ba shi kunya. "Kai ka san ba zai iya sabon aikin ba. Kai ka kawo tsarin."

"A koma tsohon."

"A koma?" Ya yi 'yar dariya. "Na riga na kai rahoto. Sauran rassanmu ma za su fara wata mai zuwa. Ka san mutum nawa tunaninka ya taɓa?"

Ban tambaye shi nawa ba.

Ya jawo littafin daga gefen tebur, ya buɗa, ya juyo mini shi. "Ka karanta babi na tara? Inda yake magana a kan hukunci mai ɗaci?"

Na karanta. Sau uku. Duk ukun a kujerar mai yanke hukuncin na zaunar da kaina. Ban taɓa tunanin akwai wani mutum a babin ba, wanda ke tsaye ɗaya gefen teburin da kofinsa a hannu. Mai littafin ma layi ɗaya ya ba shi.

"Kana da gaba," in ji Manaja. "Kada ka bari tausayi ya daƙile ka. Ka nemi ƙarin karatu, irin kujerar nan sai da takarda."

"Da ka ce mai tunani."

"Da takarda," in ji shi. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga mini yatsa. Na ajiye ruwan, na sauka.

Kawu ya yi sati biyu yana fita da safe da rigarsa mai kyau. Otal uku, asibiti ɗaya, da wani kamfanin wanki. Duk inda ya je sai an tambayi shekarunsa. Daga baya ya daina fita. Ya kafa tebur a tsakar gida, ya ce zai riƙa yi wa maƙwabta guga. Ranar farko aka kawo wando biyu. Rana ta biyu ba a kawo komai ba.

Bai canza mini fuska ba. Abin da ya fi damuna ke nan. In na dawo yakan tambaya ya aiki, ya Dogo, an gyara injin na ɗaya. In amsa. Ya gyaɗa kai. Da ya zage ni, da ya ce in tattara in bar masa gida, da na san inda zan ajiye kaina. Inna kuwa abin da ya gaya mata kawai shi ne an rage ma'aikata.

Littattafan suna nan a ƙarƙashin gadona. Na ɗauko ɗaya ran nan, na halin mutane, na nemi inda ake maganar wanda ya yi irin abin da na yi. Akwai babi a kan yafe wa kai. Shafi shida ne. Na karanta, ya ce in rubuta wa kaina wasiƙa. Na mayar da shi.

Jiya na dawo da wuri, rana ba ta faɗi ba. Kawu na kan benci yana murza kafaɗa da man zafi. Yara sun fita wasa. Inna ta kawo mini abinci, ni ta fara zuba wa, ta kuma cika kwanon fiye da da. Tun da aka sallame shi haka take yi. Ni ke fita aiki yanzu.

Ba ta koma ɗaki ba. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna tsakaninmu.

"Na haɗu da matar Dogo a kasuwa," in ji ta.

Kawu ya ci gaba da murzawa.

"Ashe ba haka kawai aka rage ba. Wai wani ne a cikinku ya je ya kai wa manaja magana, a gaban kowa, har aka tafa masa. Na ce wane ne? Ta ce ita ba ta shiga, in tambayi maigidana. Shi kuma ka gan shi nan, tun ɗazu nake fama, wai bai riƙe fuskar ba. Mutumin da kuke ɗaki ɗaya, a ce ba ka riƙe fuskarsa ba?"

"Bar yaron ya ci abinci," in ji Kawu.

"Ina hana shi ci? Tambaya ce. Ba faɗa zan je in yi ba, ni dai in san shi, in na gan shi a hanya in kauce." Ta juyo gare ni, ta tura mini kofin ruwa kusa. "Ci, ɗana, ci. Kai ai idonka a buɗe yake, kana wurin aka yi komai. Wane marar imanin ne?"